Yaya ta tafi ta bar ni da kayen bashi

Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda sunka san dalilin shiruna sun sani, waɗanda ba su sani ba to Yayata ce Allah ya yi ma rasuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce babba a ɗakinmu. Na gode ma duk wanda ya tako da ƙafarshi da wanda ya kira da wanda ya aiko saƙo, Allah ya ba da lada ya bar zumunci.

Akwai abin da ban taɓa lura da shi ba duk zaman makokin da nike zuwa cikin garin nan namu na Maraɗi sai da abin ya faɗo gidanmu. In mace ta rasu kowa na da wurin zamanshi. Inna tana ɗaki mata sun kewaye ta, wannan ta riƙe mata hannu waccan ta dama mata fura tana lallashi ta sha ko kaɗan ne, Baba na ƙofar gida bisa tabarma tsakiyar dattawa, mijinta na can nasu gidan ana shiga ana fita, ɗiyanta kuwa duk wanda ya zo sai ya shafa kansu ya ce Allah ya raya abin da ta bari. Ƙane fa? Ƙane ɗan aike ne. Ni ne aron tabarmi a masallaci, ni ne hayar kujeru da bash, ni ne piya wata da butoci, ni ne tarbo baƙi a tasha, na Tibiri sun iso, na Madarunfa sun ɓata hanya suna kira, dangin Inna na Katsina sun biyo ta Jibiya da Ɗan Isa an tsaida su bakin iyaka a kira wane ya san wane. Kuma duk wanda ya kama hannuna abu guda ne, ya haƙurin Inna, ya Baba, ya yaran, ka riƙe su da kyau kai ne namiji. Ina amsawa alhamdu lillahi an gode. Ba wai ina ganin laifinsu ba ne fa, ni ma haka nike gaida mutane tun da na yi wayo.

Wajen haihuwa ne. Ta sauka lafiya cikin dare, namiji, har an kira mu an yi muna barka, can sai aka sake kira wai jini ya ƙi tsayawa. Anka miƙo mini ordonansi anka ce kuma a nemo masu ba da jini, na hau moto ina neman farmasin da ke gadi a daren ina bugun ƙofofin abokai ina tada su daga barci, ko da na komo na tarar da ƙanwar Inna tsaye bakin ƙofar matarnite ta sa mayafi ta toshe baki, ban tambaye ta komi ba. Ban zo nan in ɗora ma kowa laifi ba, ma'aikatan da na gani daren nan sun yi ta kai da kawo iyakar ƙoƙarinsu, kuma zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a duniya, ba a kanta anka fara ba. Liman ya ce muna ta yi shahada, ya kawo hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik inda anka lissafa macen da ta rasu da ciki ko wajen haihuwa cikin shahidai. Wannan maganar ita ce ta riƙe Inna, har yau in abin ya taso mata ita take maimaitawa.

Kafin azahar an yi mata sutura an sallace ta an kai ta. Ni da mijinta munka shiga kabari munka karɓe ta, wadda ta goya ni ta yi mini wanka ta share mini majina, ni na gyara mata kwanciya bisa gefen dama fuska na kallon alƙibla, anka jera itace anka liƙe da laka. Ko ɗigon hawaye ban yi ba. Har wani dattijon kartiyenmu ya yaba mini gaban mutane wai yaron ga akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne wallahi, tunanina na wajen mai kujeru da ya ce sai an ba shi rabin kuɗi kafin ya sauke.

Nan bakin maƙabarta anka yi sanarwar da aka saba, duk mai bin marigayiya bashi ko wanda ta ke bi ya ga ƙanenta. To anan ne nawa makokin ya fara, ko da yake ban gane ba lokacin.

Dalilin da ya sa anka ce a gan ni, ni ke riƙe da kayenta, littafin da ake rubuta mata bashi. Yaya ba ta yi lakwal ba, allo ta yi anka yi mata aure, sana'arta man gujiya da ƙuli-ƙuli kamar dubban matan Maraɗi. Ta sayi gujiya tiya-tiya in kaka ta yi ta sayi buhu, ta soya ta murje ta fece, a kai inji a niƙo, ta zauna bakin turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, tunkuzar ta murza ta soya ƙuli, tun asuba hayaƙi na cin idonta. Masu tuyar ƙosai na ɗaukar mai lita-lita, masu tsire na ɗaukar ƙuli don yaji, masu shago na ɗaukar bido, kuma rabin cinikin nan duk bashi ne, ɗauki yau ka kawo ran kasuwa. Tun ina firamare ta sa ni rubuta mata, wai ba don tana mantuwa ba, kanta ya fi kayen riƙe lissafi, sai don in mutum ya yi gardama a buɗe mishi takarda, mutanenmu na jin tsoron takarda. Da kuɗin man nan ta saya mini kaye da bik da takalmin rantire shekara da shekaru, a 2005 da anka yi yunwar nan da ta buga yankin Maraɗi bayan fari da farin ɗango, lokacin tana amarya, daga gidan mijinta take aiko muna da ƙullin ƙuli da ɗan gari a ɓoye cikin zane. Da na zama malamin lakwal ta daina kiran sunana kwata-kwata, sai Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, Mushe zo ka rubuta, Mushe an biya ku ko har yanzu gwamnati na barci.

Sai da anka share makoki baƙi sunka watse na ɗauki kayen na fara bi gida-gida, don malam ya ce ba a taɓa gado sai an fidda bashi, haka ayar ta ce cikin Suratun Nisa'i. Af, na tsallake rigimar sadakar bakwai. Kun san garin namu, rabin samarin gidanmu Izala ne sun ce bidi'a ce ba za su zauna ba, gwaggonninmu sun ce ko ana ha maza ha mata sai sun yi gumba da waina, Baba ya rasa inda zai sa kanshi. Ƙarshe mata sunka yi abinsu cikin gida, samari sunka ƙaurace, da dare kuma na ga wasunsu na cin wainar. Ni ban ce uffan ba, ban da ƙarfin gardama lokacin.

Bin bashin mamaci wani irin aiki ne da ba na yi ma kowa fatanshi, amma kuma nan na ga Yayar da ban sani ba. Wani mai tsire tun kan in buɗe kaye ya shiga lalubar aljihu ya ƙirgo abin da ke rubuce, sannan ya ƙara jikka biyu ya ce wannan ba ta sa ka rubuta ba, ranar da matata ta kwanta asibiti ta ba ni. Wata tsohuwa mai ƙosai da na je wajenta don na ga sunanta sau ɗaya tak cikin kayen alhali kullum ina ganin jikarta na zuwa da kwalba, ta ce ai ɗana Yayarka cewa ta yi kar a faɗa maka, kai ɗan boko ne komi sai ka rubuta, ta fashe da kuka tana jan zane tana share ido man na ƙonewa bisa wuta, ni na koma ina ba ta haƙuri. Akwai wadda ta ce ba ta da shi yanzu amma ta ɗauki alkawari duk Juma'a, kuma tana kawowa, dala ashirin dala arba'in. Akwai kuma wanda ya kalli tsabar idona ya ce shi ya biya ta tun kafin ta kwanta, mutumin da ranar da ya ɗauki bidon ina zaune ina cin tuwo a tsakar gidan. Na rufe kaye na ce na bar ka da Allah, da na faɗa ma malam ya ce a'a ba ka da wannan ikon, dukiyar marayu ce ba taka ba, ba ka yafe abin da ba naka ba. Dole na koma da dattijo guda, ya biya rabi yana ƙunƙuni, har yau in mun haɗu sai ya kau da kai. Ya daɗe bai kau ba.

Matan asusunsu ma sun zo. Irin ƙungiyoyin nan ne na Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a 1991 nan yankin Maraɗi kafin abin ya bazu ƙasashe, kowace mace na zuba ɗan abin da ta samu duk mako cikin akwati, mai buƙata ta ranta ta maido da ɗan ƙari, in zagaye ya cika a fasa a raba. Sunka zo da akwatinsu gaban Inna sunka ƙirga zubinta kaf, sunka cire rancen da ta ɗauka na sayen gujiya, sunka miƙo saura da ɗan abin da sunka haɗa na gaisuwa. Ba takarda ba sa hannu ba je ka dawo. Na yi aiki da ofisoshi na ga yadda ake wahalar da iyalan mamaci a kan haƙƙinsu, matan nan da yawansu ko sunansu ba su iya rubutawa amma ko dala ba ta ɓace ba.

Nata bashin ba yawa, mai gujiya a kasuwa da mai inji. Wajen mai injin ne abin ya kama ni. Na je da yamma layi ya cika da yara da robobi, injin na ta ƙara ba ka jin maganar na kusa da kai, na nuna mishi kayen na miƙa kuɗin, ya karɓa ya matso da bakinshi kusa da kunnena yana ɗaga murya ya ce kai ne Mushen? ai duk ran Asabar sai ta aiko yarinya ta ce a yi mata nata da wuri ƙanenta na zuwa cin abinci. Shi ke nan. Na zagaya bayan rumfar na durƙusa inda ake zubda ruwan wankin inji na yi kukan da ban yi ba a matarnite ban yi ba a kabari, har da shessheka har da majina, ƙaton mutum da gemu, ba wanda ya ji don ƙarar injin ta rufe. Mai injin ya leƙo ya gan ni ya koma bai ce komi ba, Allah ya saka mishi.

Da anka zo rabon gado malam ya zauna ya yi lissafi, miji rubu'i tunda akwai ɗiya, Inna sudusi, Baba sudusi, saura na ɗiyanta namiji rabon mata biyu. Ɗan'uwa ba ya da komi in akwai ɗa namiji ko uba, na san haka tun ina makarantar dare kuma ban ji komi ba, hukuncin Allah ne kuma marayun sun fi ni buƙata nesa ba kusa ba. Anka yi ma kwanoni da gado da tumaki biyu da kaskon suya kuɗi, har turmin. Kayen dai ba wanda ya lissafa shi cikin dukiya, ya zauna wajena, rubutuna ne daga farko har ƙarshe amma in na buɗe muryarta nike ji, rubuta mai ƙosan bakin masallaci lita biyu, a'a goge ta kawo ɗazu.

Yanzu abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne masu cewa har yanzu? Wai ai kwana 3 ne makoki. Gaskiya ne, Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga mace ta yi zaman makoki fiye da kwana 3 ba sai ga mijinta, wata 4 da kwana 10, har ya zo cikin Buhari cewa Nana Zainab bintu Jahshi da ɗan'uwanta ya rasu ta sa anka kawo mata turare ta shafa ta ce ba don tana buƙatarshi ba sai don wannan hadisin. To amma wannan maganar zama ce da barin ado, ba wanda ya ce zuciya ma ta tashi ran na uku ta naɗe tabarma. Shi kanshi Manzon Allah da ɗanshi Ibrahim ya rasu ya zubda hawaye ya ce ido na hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba mu faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Wanda ya fi kwantar mini da hankali ma Sayyidina Umar ne, mutumin da kowa ya sani da taurin rai, ɗan'uwanshi Zaidu ya yi shahada a yaƙin Yamama zamanin halifancin Abubakar, an ruwaito yana cewa iskar gabas ba ta taɓa busowa ba face ta tuna mishi da Zaidu. Umar ke nan fa. To ni wane ne.

Kuma ba a ganewa, rashin ɗan'uwa daban yake. Inna ta rasa ɗiya, yara sun rasa uwa, ni kuma na rasa wadda ta san ni tun ban san kaina ba. Ita kaɗai ke ba da labarin ranar da na ɓace mata a babbar kasuwa wata Litinin ina ɗan shekara uku ko huɗu, ta yi ta zagaye tana kuka tana tsoron dukan Inna, ƙarshe ta same ni zaune wajen masu goro an ba ni rake ina sha hankali kwance, duk taron da anka yi sai ta ba da shi, ranar da na kai mata yarinyar da nike nema ma sai da ta ba da shi har da kwaikwayon yadda nike tsotsar raken. Da haushi nike ji. Kwanaki na tambayi Inna labarin ta ce ita ba ta tuna ba, ƙanwarmu kuwa ba a haife ta ba lokacin. Haka abubuwa da yawa, wa ya fara zama ɗakin zaure, wace shekara katangar baya ta faɗi, mi ya haɗa Baba da ƙanenshi sunka yi shekaru ba su magana, in na so sani waya kawai nike ɗauka. Mun yi faɗa kuma ba kaɗan ba, Yaya akwai baki, in ta wanke ka sai ka kwana biyu ba ka je ba, sai ta aiko yaro da kwanon tuwo ba saƙo ba komi, ma'ana ya wuce. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki, da ina ɗauka maganar gaisuwar biki ce.

Ba a yi arba'in ba wata gwaggon mijin ta zo da shawara wai a ba shi ƙanwarmu ta maye ɗakin don ta riƙe yaran, an saba yin haka kuma wani lokacin yana yin kyau ban musa ba, amma yarinyar tana jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana karatunta kuma da anka tambaye ta kuka ta sa, Baba ya ce a bar maganar. Mijin ya yi aure daga baya, namiji ba ya takaba kuma gida da yara ba ya zama ba mace, na je ɗaurin auren na karɓi goro na yi addu'a. Mutumin kirki ne, ya riƙe Yaya da mutunci, amaryar ma ban ga aibinta ba tana gaishe ni da kawun yara. Sai dai gidan da nike kutsa kai da moto har tsakar gida in buɗe tukunya in ɗebi abin da nike so, yanzu sai in tsaya zaure in yi sallama in jira a ce wa ne, a aiko yaro ya shimfiɗa mini tabarma a waje. An sake fentin ɗakin, wurin murhun suyar an ɗaure akuya. Ba wanda ya yi mini laifi, haka tsarin yake, amma ranar farko da na zauna zauren nan ina jiran a fiddo mini ɗiyan Yayata kamar baƙo, ban iya shan ruwan da anka kawo ba.

Jaririn na wajen Inna, madarar gwangwani ake ba shi ni da ubanshi muke haɗawa, wanda bai taɓa saye ba bai san yadda gwangwani ke ƙarewa ba. Shi ne ma ya tada Inna daga kwance don ba ta da lokacin zama ta yi tagumi, ga wanki ga dama koko ga rigakafi. Goshin Yaya sak.

Damuwata yanzu babbar ɗiyarta ce. Bana za ta yi BEPC, jarabawar gama koleji, kanta na ja, amma tun tana ƙarama take gefen uwarta wajen suya ta iya aikin tsaf, kuma tsofaffin masu sayen mai sun fara aikowa suna tambaya ko za a ci gaba. Kaskon ya faɗo cikin rabonta. Ta same ni ta ce Kawu ina so in fara ko tiya biyar ce, ƙannena na buƙatar abubuwa kuma ba komi nike iya tambayar Baba ba yanzu, ka buɗe mini sabon kaye. Na ce karatun fa, ta ce Asabar da Lahadi kawai. Na san ƙaryar Asabar da Lahadi, ina ganinta a ajina duk shekara, yarinya ta fara da ƙarshen mako, sai Litinin ta zo tana gyangyaɗi, sai ran kasuwa ba ta zo ba, kafin bakansi an ce an kawo kuɗin gaisuwa. Amma kuma da man gujiyar nan ni na yi karatun da nike taƙama da shi, da wane baki zan ce mata sana'ar uwarta ba ta yi ba. Ubanta ya ce duk yadda munka gani, wanda a wajenshi ma'anarshi ta fara, amaryar ba ta son sa baki kar a ce, Inna ta ce a bar yarinya ta koyi neman na kanta, kawu kuwa shawara gare shi ba hukunci ba. Na ce mata ta ba ni zuwa bayan jarabawa, in ta samu ni da kaina zan sayo mata buhun farko in kaka ta yi, kafin nan abin da ƙannenta ke buƙata ta faɗa mini. Ta ce to, irin to ɗin uwarta da ba ka sanin an yarda ko ba a yarda ba. Juma'a mai zuwa bayan masallaci zan samu uban mu zauna da wanshi, don jiya an ce mini an ga yarinyar wajen mai inji da roba.